Littafin bashin Baba ne ya kai mu Marwa

Sati biyu kenan da dawowarmu kullum ina cewa zan rubuta, yau gobe yau gobe, sai daren jiya da aka ɗauke wuta na rasa abun yi na jawo waya. In na yi ta zagaye-zagaye ku yi haƙuri dani, abun ne har yanzu bai gama kwanciya a raina ba.

Babanmu, Allah ya jiƙanshi da rahama, a Marwa ya rasu. Mu kuma 'yan Garwa ne a arewacin Kamaru, nan aka haife mu nan aka haifi shi kanshi Baban. Sana'arshi kayan fata, takalma da jakunkuna da tum-tum, ya saro a Marwa ya kawo shagonshi a kasuwar Garwa, wani lokacin kuma jemammiyar fata yake sayowa ya ba dukawan nan gida su ɗinka mai. Shekara talatin da ɗoriya yana bin hanyar nan sau biyu a wata. Ko a 2015, cikin watan Yuli da aka tayar da bam a kasuwar Marwa, Inna ta yi roƙon duniya ya haƙura da zuwa, sati uku kawai ya iya zama ya ɗau jakarshi, yace in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi.

A kan gadon kuwa aka tafi. Watan Afrilu ne, wanda ya san Marwa a Afrilu ya san me nake nufi, zafi ya haura digiri 40 iska kaman daga bakin murhu take fitowa. Da la'asar yace ma Alhaji mai masaukinshi kanshi na sarawa, da magariba aka kai shi asibiti, kafin asuba rai ya yi halinshi. Ni na ɗauki kiran. Na ruga ajans, wato tashar bas, na samu bas ɗin farko amma kun san halin abun, sai ta cika tukunna, ita kuma gawa ba ta jiran kowa a wajenmu balle cikin wannan zafin. Ina wajen Figil aka kira ni akace an sallace shi. Da na isa bayan azahar kabari kawai aka nuna mun, ruwan da aka yayyafa ko gama bushewa bai yi ba, an ɗora ƙaya a kai. Na tsaya na ƙirga da kyau don gaba, akwai wata aduwa, daga ita kabari na huɗu ta gabas, an kafa fasasshen bakin tulu wajen kai. Na huɗu daga aduwa. Na riƙe shi kaman karatun allo.

Inna ba ta je ba, takaba ta hau kanta, wata huɗu da kwana goma, ta fita cikin Agusta ana tsakiyar ruwa. Kuma ba ta taɓa buɗe baki tace a kai ta ba. Inna irin matan da ne masu alkunya, ni ɗan fari ko sunana ba ta kira, "kai" ne ko "yaron nan", Baba kuwa tunda nake ban taɓa jin sunanshi a bakinta ba, Malam ne ko kuma "shi" kawai.

Littafi ne ya tayar da tafiyar. Ranar sadakar uku liman ya yi shela kaman yadda aka saba, duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, mutum biyu suka zo nan Garwa aka sallame su muka ɗauka shikenan. Sai bayan damina da muka je kwashe shago, don ni ba zan iya riƙe shi ba ina da nawa aikin, Auta ya ɗaga tarin tum-tum ya ciro wani ƙaramin littafi irin na 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, bangonshi ya yi baƙi ƙirin da maiƙon fata. Ajami ne gaba ɗaya, lambobin ne kaɗai na boko. Ni da na ƙare shekaruna ina cin Faransanci sai ga ni ina harhaɗa rubutun ubana da ƙyar kaman ƙolon da bai gama babbaƙu ba, wallahi kunya ta kama ni. Inna ce ta karɓa ta matsa bakin ƙofa wajen haske, ta bi da yatsa tana karantawa tsaf ba gargada.

Shafin dama waɗanda yake bi, na hagu masu binshi, wanda aka biya ya ja mai layi. Na hagun saura uku ba layi. Majemi a Marwa sefa 35.000. Mai shayi a Figil 1.800. Sai wani "mai jar hula, Magada" 2.000, ba suna ba komai.

Malamin unguwarmu yace kar a taɓa rabon gado sai an sauke wannan, don haka tsarin yake, a yi ma mamaci sutura, a biya mai bashi, a fitar da wasiyya in ya bari matuƙar ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan a zo kan magada. Ni da wayona na zamani nace ai ba sai an je ba, a karɓi lambar majemin wajen Alhaji a tura mai ta Orange Money minti biyu an gama. Inna ta ɗago ta kalle ni tace, "Mai shayin fa, shi ma lambarshi gare ka?" Ta rufe littafin ta tura ƙarƙashin filo. Kawu da ke zaune gefena ya taka mun ƙafa, na ja bakina na yi shiru.

Ranar wata Asabar cikin Disamba muka tashi, ana idar da sallar asuba. Mu huɗu ne, Kawu ƙanen Inna shi ke tuƙi da tsohuwar Carina ɗinshi wadda ƙofar baya ba ta buɗuwa sai ta waje, ni a gaba, Inna da Auta a baya. But kuwa an cika shi da tsaraba, bandar kifin Lagdo ta iyalan Alhaji, goro, dabino na sadaka, da kular waina da Inna ta tashi tun ƙarfe uku ta soya duk da munce a hanya akwai abinci. Ƙarnin kifin nan har muka dawo bai bar motar ba. Kafin mu fita gari Kawu ya tsaya wajen masu zuwa-zuwa, man Najeriya ɗin nan da ake sayarwa a kwalabe da jarkoki bakin titi, ya ɗaga kwalbar yana haska ta da fitilar waya wai yana duba ko an haɗa da ruwa, yana ta mita tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 zuwa-zuwa ta daina zama ta talaka. Duk da haka ita ya sha.

Garwa zuwa Marwa kilomita 200 ne da 'yan kai, in hanya da mota sun yarda awa huɗu ka isa. Hazo ya sauka sosai ranar, dutsen Tingilin da kullum ake ganinshi shimfiɗe kaman tebur sai inuwarshi kawai. Muka wuce Pitowa rumfuna wayam don sai Lahadi kasuwar ke ci, muka biya 500 a peyaji, wato shingen biyan kuɗin hanya, yara suka yanyame mu da gyaɗa da dafaffen ƙwai da ruwan leda. Daga nan sai ƙauyuka, kusan kowanne ka ga an tara auduga tuli guda fari fat ana jiran motocin kamfanin auduga na Sodecoton, yara na tsalle a kai manya na korarsu. Auta ya manna fuska a gilas, shi wannan ce tafiyarshi ta farko da ta wuce Pitowa, shekararshi goma sha ɗaya.

Kawu ba ya iya shiru, in ba a yi magana ba gani yake wani abu ya lalace. Can ya kalli Inna ta madubi yace, "Yaya ki daina sa ma ranki wai an rufe shi nesa da gida, ƙasa ce in ta kira mutum sai ya je. Ki dubi Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa ne fa, ya riƙe ƙasar nan tun 1960 har 1982, da ya rasu a 1989 a Dakar aka rufe shi kuma har yau yana can, matarshi ma da ta rasu a 2021 gefenshi aka kai ta. Mutumin da ya mulki Kamaru kenan. Mu namu ga shi nan awa huɗu." Ya kawo ayar ƙarshen Suratu Luƙman, cewa ba ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Inna tana jan carbi ta bar shi ya kai aya sannan tace, "Ai ni ban ce komai ba." Kawu ya ƙara ma rediyo murya.

Wajen ƙarfe takwas da rabi muka shiga Figil. Garin siminti ne da duwatsun marmara, tun daga nesa za ka ga hayaƙin kamfani da manyan motoci jere bakin hanya. Matsalar ita ce masu shayi a wajen tsayawar motoci sun fi biyar, littafi kuma mai shayi kawai yace. Ni na taɓa rako Baba sau biyu ina yaro, abinda na iya tunawa benci ne mai ƙafa ɗaya gajera da aka tokare da dutse. Ku yarda ko kar ku yarda bencin na nan, dutsen ma inaga shi ne. Mutumin dattijo ne siriri, gaban teburinshi gwangwanayen madara an jera su kaman dala, Nescafé, Lipton, dogon biredi a cikin buhu, kiret ɗin ƙwai, ƙatuwar buta a kan gawayi tana huci. Yana ta ɗaga kofi sama yana juye shayi a wani kofin, bai zubar da ko ɗigo ba. Muka gaisa da Fulatanci, jam na, jam, jaɓɓaama, ya share mana bencin da tsumma. Da ya ji muna Hausa tsakaninmu sai ya juya shi ma.

Nace mai ko ya san wani dattijo mai kayan fata daga Garwa, dogo, mai tabo a goshi, ba ya shan madara sai baƙin shayi da citta. Tun kafin in rufe baki ya washe haƙora yace, "Malam na fata! Ina ya shige ne, ko ya koma hawa bas ɗin dare? Tun kafin damina rabona dashi, nace in ya zo sai na ci tararshi."

Ban shirya ma wannan ba. Ni duk a tunanina duniya ta gama ji, wata takwas fa. Na buɗe baki abun ya maƙale, Kawu ne yace mai Malam ya riga mu gidan gaskiya tun watan huɗu, wannan ɗanshi ne, waccan a mota iyalinshi ce. Mutumin nan ya ajiye kofin a hankali, ya cire hularshi ya mayar, yana ta innalillahi, ya zauna kan buhun gawayi. Wani direba na ta kiran a ba shi shayi ko kallonshi bai yi ba. Sai da ya ɗau lokaci sannan ya tashi ya je jikin motar ya durƙusa daga nesa ya yi ma Inna gaisuwa, Allah yaafo mo, Allah ya jiƙanshi, ya ba ku haƙuri Hajiya.

Da na fito da littafin na faɗa mai abinda ya kawo mu sai ya girgiza kai ya jawo wani yankin kwali daga ƙarƙashin teburi, duk zane-zanen biro, ya bi da farce yace ba 1.800 bane, 2.300 ne, zuwanshi na ƙarshe ya ci ƙwai ya sayi biredi bai da canji. Na ɗan yi turus, a raina nace ikon Allah, mutum na kuka yana ƙara kuɗi. Ashe ban fahimce shi ba. Yace ya faɗa ne don in zai yafe ya yafe duka kar a bar 500 a wuyan Malam, kuma ya yafe duniya da lahira, sisi ba zai karɓa ba. Na koma na faɗa ma Inna, tace a'a, shi ya rubuta da hannunshi niyyar biya gare shi, a ba shi. Na dawo, yace ya rantse. Na koma, tace ita ma ba ta taso tun daga Garwa don a mayar mata da kuɗi ba. Ina ta safa da marwa tsakanin tebur da mota kaman ɗan aike har masu shan shayi suka fara sa baki. Kawu ne ya raba gardamar, yace ka karɓa bashi ya sauka, in ya zama naka ka yi yadda ka ga dama dashi. Ya karɓa da hannu biyu, ya kira almajiran da ke raɓe da robobinsu ya yanka musu biredi ya zuba musu shayi da madara har kuɗin suka ƙare, inaga ma sun wuce. Mu ma ya haɗa mana, nawa baƙi da citta ban ma tambaya ba. Inna ta karɓi biro ta ja layin da kanta.

Bayan Figil kaɗan wajen Bidzar taya ta yi faci, muka ci kusan awa don jak ɗin Kawu sai an tokare shi da dutse shi ma. Ance akwai zanen mutanen da a kan duwatsun wajen, Auta ya so a je, ba wanda ya kula shi.

Magada mararraba ce, nan hanya ke rabuwa ta yi Kayle da Yagwa. Auta ne ma ya lura yace Yaya ji sunan garin, mu magada mun zo Magada, Kawu ya yi dariya har da buga sitiyari. Muka sauka muna tambayar mai jar hula. To jama'a, ku je arewacin Kamaru ku ce kuna neman mai jar hula, a tsayuwar da muka yi kaɗai na ƙirga huɗu. Mai nama yace ko wani mai sayar da zuma ne da ya koma Kayle, mai faci yace a'a ko dillalin awaki ne da ke zuwa ranar kasuwa, wata mai ƙosai tace akwai wani tsoho amma ya kwana biyu bai fito ba. Ɗaya daga cikin masu jar hular da kanshi yace shi dai bai san Baba ba kuma ba zai ci abinda ba nashi ba. Muka bar saƙo wajen mai faci muka wuce.

Daga nan ka shiga jihar Arewa Mai Nisa sosai, Kawu yace lokacin yana yaro duk lardi ɗaya ne tun daga Ngaundere har Kuseri kuma Garwa ce hedkwata, sai a 1983 aka raba shi uku, yana faɗa kaman gonarshi aka raba. Akwai shingayen jandarmomi, a miƙa katin shaida a buɗe but, wani ya leƙa ya ga Inna da carbi ya ji ƙarnin kifi yace mu je. Abinda ya burge ni gonakin masakwa ne bayan Muturwa, wadda Fulani ke ce ma muskuwaari. Ko'ina ya bushe ciyawa ta yi ja, amma ita kore shar har iya ganinka a kan baƙar laka da ta dare, ba ruwan sama ba ban ruwa, dashenta ake yi in damina ta ƙare ta rayu da danshin da ƙasar ta riƙe, a girbe wajen Janairu zuwa Fabrairu. Baba kan ce in ka hango haƙorin dutsen Mindif ta hannun dama to ka fara gyara kayanka. Hazo bai bari mun ganshi ba.

Ana kiran azahar muka wuce Salak muka shiga Marwa, titunan nan nata masu darbejiya hagu da dama, Mayo Kaliyawo a tsakiyar gari ba ɗigon ruwa sai yashi yara na buga ƙwallo a ciki. A gidan Alhaji gaisuwa ta dawo sabuwa fil, mata suka shigo da Inna ciki maƙwabta na ta zuwa. Can uwargidan Alhaji ta nuna mata ɗakin zaure inda Baba ke sauka, butarshi da buzun sallarshi suna nan inda ya saba ajiyewa, sunce ba wanda ya iya ɗaukewa. Inna ta shiga ta sakaya ƙofa. Ba ta daɗe ba, kaman minti goma, ta fito da buzun a naɗe a hammata ta bar musu butar.

Bayan la'asar Alhaji ya raka mu majema. Wari ne ke fara yi maka sannu da zuwa tun kafin ka ga wajen. Ramuka ne birjik, wasu an jiƙa fatu cikin ruwan toka don gashin ya saki, wasu na kashin tsuntsaye mai sa fata laushi, wasu na dakakkiyar bagaruwa wadda ita ce ainihin jimar, ga samari sun ɗora fata kan gungume suna karta da wuƙa mai ƙota biyu, ga jajayen fatu da aka rina da karan dafi an shanya su a rana. Duk shekarun nan da kuɗin wannan warin aka ciyar damu aka biya mun lakwal ban taɓa taka wajen ba. Na ɗauka Inna za ta zauna a mota, sai ga ta bayanmu ta toshe hanci da gefen mayafi.

Majemin tsoho ne, hannayenshi sun rine har gwiwa launin goro. Ashe yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar. Nace to Baba me yasa baka yi magana ba ranar, yace haba yaro, in buɗe baki a kan gawar mutumin da muka yi shekara ashirin muna cin kwano ɗaya? Na karanto mai 35.000, yace a'a, saura 15.000, ranar da ciwon ya kama shi da hantsi ya zo nan ya ba shi 20.000 a hannu, bai dai samu ya rubuta ba ne. Ba shaida fa, daga shi sai Allah, da ya karɓe duka ba mai cewa komai. Ni dai na san mutane da yawa masu manyan riguna da ba za su iya wannan ba, bari dai in yi shiru.

Sai ya shiga ba da labarin ranar ba wanda ya tambaye shi, wai sun yi ta ja-in-ja kan kuɗin fatar akuya har Baba yace mai in ya mutu da kuɗin zai tafi, ya sha ruwan randa moɗa biyu yana cewa zafin bana daban ne, ya zauna can kan wancan turmin. Inna ta saki mayafin daga hancinta tace, "Ya ci abinci kuwa ranar?" Tsohon yace ya ci, tare suka ci, tuwon dawa da miyar tafasa, har ya ƙara. Tace alhamdulillahi. Tambayar da ta yi kenan duk tafiyar.

Da dare gardama ta tashi tsakanin Kawu da Alhaji kan ko mace na shiga maƙabarta, Alhaji yace malamai sun yi saɓani wasu sun yarda in ba kururuwa wasu sun ƙi, Kawu yace shi dai tunda ya taso bai gani ba. Ba wanda ya tambayi mai abun. Da safe ta shirya tsaf ta shiga mota, da muka isa tace a tsayar da ita ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa, nan ya ishe ta.

Muka shiga ni da Auta da Kawu da Alhaji, ni a gaba don ni ne mai na huɗu daga aduwa. Wallahi ina shiga gabana ya faɗi. Aduwa uku ce a wajen. Ranar da na zo a Afrilu ɗaya idona ya gani. Damina ta bi ta kan kaburburan ta baje tudun, wasu sun lotsa, ƙayar ta ruɓe, an ƙara sabbin layuka inda na bari fili, fasasshen bakin tulu kuwa kusan kowane kabari da nashi. Na ƙirga huɗu daga wannan na koma na ƙirga daga waccan, zufa na karyo mun cikin sanyin nan. Alhaji yace yana ga kaman nan ne, ya matsa gaba yace ko kuma nan. Aka kira mai haƙan kabarin, ya tambayi wata, ya miƙa hannu ya share wajen kabari ashirin yace na lokacin zafi daga nan ne zuwa can. Auta ya riƙo rigata yace, "Yaya wanne ne?" Na kasa ce mai komai.

Mai haƙan ne yace ku yi sallama kawai, duk suna ciki. Muka cire takalma muka tsaya, Alhaji ya ja mu, assalamu alaikum ahlad diyari minal muminina wal muslimina, wa inna in sha Allahu bikum lahiƙun, nas'alullaha lana wa lakumul afiya. Muka yi ma Baba addu'a da sunanshi, muka haɗa da maƙwabtanshi. Akwai uku a layin da suka rufta sosai har ana ganin itacen, muka ari shebur da kwano muka cike su, Auta na ɗebo ƙasa da hularshi. Ko akwai na Baba a ciki Allah masani. Dabinon muka ba mai haƙan ya raba.

Da muka fito Inna ta sauke gilas tace ta wane gefe yake, na nuna mata, ta gyara zama ta fuskanci wajen ta ɗaga hannu ta daɗe leɓenta na motsi. Ta shafa sannan tace, "Kun same shi?" Nace eh Inna mun same shi, har mun gyara. Kawu ya shiga goge gilashin gaba da bai da datti.

Sai da muka wuce Salak, mota ta yi tsit Auta ya fara gyangyaɗi, kawai naji muryarta daga baya. Wai shekarar da babansu ya rasu Malam ya kai ta garinsu bayan damina, ya shiga maƙabarta ya fito yace mata ya gane kabarin sarai, alhali kunnuwanshi sun yi ja yana ta sosa ƙeya. Tace, "Ƙarya ba ta yi mai kyau, kai ma haka, ƙeyar taka ta kusa yin jini." Kawu ya fashe da dariya har motar ta ɗan yi gefe, ni kuwa ban san lokacin da hawaye suka zubo mun ba ina dariyar ina sharewa. Daga nan har Muturwa labarinshi take bayarwa, yadda ya zo neman aurenta da takalmin da ya fi ƙafarta girma, yadda ya taɓa kwana a Figil don ya ba wani kuɗin motarshi. Rabin labaran ban taɓa ji ba.

A Magada mun sake tsayawa, mai faci yace ya tambaya ba labari. Mun iso Pitowa da yamma kasuwa na watsewa, shanu da amalanke da babura sun cushe hanya, sai bayan magariba muka shiga gida.

Malamin unguwarmu yace in an yi iya ƙoƙari ba a samu mai shi ba a yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je mai, in ya bayyana daga baya a faɗa mai ya zaɓa. Inna tace a dakata tukunna. Takardun dubu-dubu guda biyu na nan cikin littafin a shafin da ba a ja ma layi ba. Kawu zai kai kaya Yagwa wata mai kamawa yace zai sake tsayawa ya tambaya. In akwai mai bin hanyar nan cikinku da ya san wani mai jar hula a Magada da ya taɓa hulɗa da wani dogon dattijo mai kayan fata daga Garwa, don Allah ya yi mun magana.